Ruwan da Ake Ganin Ƙasansa

Gwaggo ba ta taɓa kiran sunan ɗanta na fari ba. A Gure wannan ba abin mamaki ba ne, haka iyayenmu mata suka tashi. Ɗan fari ba a ambaton sunansa, ba a yi masa fara'a a gaban jama'a, ko faɗuwa ya yi uwar sai ta kau da kai ta bar wata ta ɗaga shi. Sai dai kunyar Gwaggo ta fi ta kowa a unguwarmu. Idan ya zama dole ta yi maganarsa, "wancan" take cewa. Wancan ya dawo? Wancan ya ci abinci? Ko yana zaune a gabanta, ni take tambaya.

Yayar mahaifina ce. Uwata ta rasu ina rarrafe, aka ɗauko ni daga Gamu aka ajiye a ɗakinta, na tarar da wancan ɗin nata yana koyon tafiya. Sunana kuwa ta kira shi har ya gaji. Da safe shi ne, da rana shi ne, in na yi ɓarna ta ja shi da tsawo har maƙwabta su ji. In ta dama fura sai ta cika ƙwaryar da ƙato guda ba zai shanye ba, ta miƙo mini ta ce, "Ungo, sha, ka rame." Na daɗe ina ɗaukar kaina ɗan gata kafin in gane rabin ƙwaryar ba nawa ba ne. Ta hannuna take ciyar da ɗanta, kuma faɗan da take yi mini a gabansa yawanci nasa ne.

Taubasai ne mu, ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka tun muna yara bawana nake ce masa. Shi kuma ya ce mini ɗan riƙon da ya ƙwace masa uwa. Ni mutum ne mai saurin fushi, har yau ban warke ba. Shi kuwa ko ka zage shi dariya zai yi, ya ce ka ƙara, bai ji da kyau ba. Wannan halin nasa ya fi komai ƙona mini rai, kuma shi na fi kewa yanzu.

Ruwa mun san shi ne a garkar babansa, cikin wani kwari wajen Bune, inda dabino da rogo suke a gindin tudun rairayi. Ilimin ruwa a wajenmu kaɗan ne, kowa kuma ya haddace shi. Ruwa mai haɗari shi ne mai duhu, irin na rijiya, ko tabkin damina da ya yi ja da laka, wanda ba ka san inda ramin masu buga bulo yake a cikinsa ba. Amma ruwan da ya kwanta garau a kan farin rairayi har kana ganin ƙasansa, iyakarsa idon sawu, in ya yi yawa gwiwa. Akuya ma ta san haka. Ba wanda ya zaunar da mu ya koya mana, ido ne ya koya, kuma a ƙasarmu idon bai taɓa yi mana ƙarya ba. Iyo kam ba mu iya ba, don babu inda za a koya.

Da muka girma muka faɗa aiki ɗaya, aikin wutar lantarki, kuran muke ce mata, a gidan da injunan gazuwal, wato man dizal, suke ba garin wuta. Wanda bai yi wannan aiki a Gure cikin bazara ba bai san zagi ba. In wuta ta ɗauke, mai ƙanƙara ya zage ka, tela ya zage ka, har tsohuwar da ba ta da ƙwan fitila ko ɗaya a gidanta ta ɗora nata. Ni in rama, shi ya yi ta ba da haƙuri a madadin inji. Ya fi ni hannu, wannan ba na musu. Yana ɗora tafinsa a jikin inji ya ce maka yau ba ta jin daɗi, kuma haka ne.

Wata shekara aka zaɓe mu, mu biyu, cikin waɗanda za su je ƙaro sani a Maroko. Sitaj muke ce masa, na ƴan makonni. A cikin tsarin har da ziyarar wata babbar madatsar ruwa a can ƙwanƙolin duwatsu, inda ruwa ne yake juya injunan wuta, ba gazuwal ba. Baraj kenan. Tun da ya ji haka bai sake barin kowa ya huta ba. A majalisa, a masallaci, a wajen mai shayi, zancen ɗaya ne.

"Wai ruwa kawai," yake cewa. "Ruwa shi zuba, kuran shi fito. Ba tanka, ba hayaƙi. Ubangidana, in na gani da idona, ko na mutu na huta."

"Ka fara biyan bashin barcin da ka hana ni tukuna," na ce masa.

Ranar tafiya muka je yi wa Gwaggo sallama. Tana tsakar gida tana tsince wake a faifai. Muka durƙusa. Ba ta dube shi ba, ko sau ɗaya. Ni ta kira da sunana, ta yi mini addu'a mai tsawo wadda na san ta mutum biyu ce. Sannan ta ce, "Ka ji ko? Wancan ba shi da wayo. Amana na ba ka. Yadda kuka fita ku biyu, ku dawo mini ku biyu."

Na ce, "Gwaggo, bawana ne, ina zan bar shi?"

Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Makonnin farko a aji muka yi su, cikin wani birni, ba abin da zan faɗa a kansu sai sanyi. Ranar ziyarar aka zuba mu a kar, wato bas, tun da hantsi, mu da wasu ƴan ƙasashe daban-daban. Hanya ta yi ta hawa tana nannaɗewa. Duwatsun da muka sani a arewacin Gure, waɗanda muke alfahari da su, a can ba za a ba su suna ba ma. Kunnuwana suka toshe, cikina ya juya, na yi amai a leda. Shi kuwa ya manne da gilashi kamar yaron da aka fara kai wa kasuwa. A saman duwatsun akwai wani fari, aka ce mana ƙanƙara ce, ita take narkewa ta cika madatsar. Ya juyo ya ce mini, "Ka ga inda Allah ya ajiye firigonsa."

Sai muka sha wata kwana, ruwan ya bayyana.

Ban san yadda zan kwatanta wa mutumin Gure shi ba, kuma wannan rashin iyawar ita ce ta zame mini masifa daga baya. Ruwa ne kore shar, ya cika tsakanin duwatsu biyu, ya miƙe har ido ya gaza. A bakinsa an gina bango na siminti, lanƙwasasshe, mota tana tafiya a kansa. Ka leƙa ta ɗaya gefen ka ga ruwa kusa, ka leƙa ta ɗayan ka ga rami wanda manyan motoci a ƙasansa suka koma kamar ƙwaro. Na leƙa sau ɗaya na ja baya. Da ina da hankali da tun a nan na gane cewa zurfin ramin nan shi ne zurfin ruwan. Ido ya gani, amma kai bai haɗa ba.

Wani injiniya mai furfura, Balarabe ko Buzun can ne ban sani ba, shi ya karɓe mu. Ya raba mana hulunan ƙarfe, ya shiga da mu cikin dutsen kansa ta wani dogon rami mai fitilu. A can ciki injunan suke, a jere, kowanne ya fi ɗakin Gwaggo girma, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin takalmi. Babu warin gazuwal, babu baƙin mai a bango, wurin tsaf kamar ɗakin likita. Taubashina ya nemi izini ya ɗora tafinsa a jikin ɗaya. Ya daɗe a haka, idonsa a rufe. Da ya buɗe na ga ƙwalla.

"Wannan lafiyarta lau," ya ce mini a hankali. "Tun da nake ban taɓa taɓa inji mai lafiya ba sai yau."

Na ce masa ya share ido kada ya kunyata mu gaban baƙi. Ni ma abin ya taɓa ni, amma ba zan nuna masa ba.

Muka fito la'asar ta yi. Aka nuna mana wani ɗaki a gefen bangon, akwai famfo da tabarmi. Mutane suka yi layin alwala. Shi ya tsaya yana duban ruwan. A kusa da inda kar ta tsaya akwai wata ƴar gangara ta duwatsu da take sauka har bakin ruwa, ba nisa.

"Ni kam wallahi ba ni yin alwala a robine yau," ya ce. "Rabin rayuwata da buta guda nike wanka, a daji in yi taimama da rairayi. Yau ga ruwa har bakin ido, in je in tsaya layin famfo? Riƙe salularka ka ɗauke ni hoto, in ba haka ba ƴan Gure ƙarya za su ce."

Na bi shi har rabin gangarar na tsaya a kan wani dutse. Ya sauka. Ya cire hular ƙarfen ya ajiye, ya cire takalmi, ya cusa safa a ciki. Rigar sanyinsa mai kauri tana jikinsa, wadda muka saya a gwanjo a Damagaram. Ya tsuguna ya miƙa hannu, bakin dutsen ya ɗan yi tudu, hannun bai kai yadda yake so ba. Sai ya miƙe ya naɗe ƙafar wando zuwa gwiwa.

Ruwan a wurin garau yake. Ana ganin duwatsu a ƙasansa, farare da jajaye, har da wani faffaɗa mai kyan tsayawa a gabansa kaɗan. Ni ma na duba. Ni ma gwiwa na gani. Da wani ya tambaye ni a lokacin, da na rantse masa akuya za ta tsallaka.

Ya juyo ya yi mini murmushi, ƙafa ɗaya a sama. Na danna hoton. Ya taka.

Ba ƙara, ba ihu. Ya tafi ƙasa a tsaye, kamar an saki guga a rijiya. Faffaɗan dutsen nan da muke gani, ashe girmansa ya kai ɗaki, nisansa ne ya mai da shi ƙarami. Na ga tsakiyar kansa yana nisa cikin hasken ruwan, hannuwansa a buɗe. Ya taso sau ɗaya, nesa da bakin, bakinsa a buɗe amma sanyin ya ɗauke masa numfashi, ko sunana bai iya kira ba. Rigar ta sha ruwa. Ya sake komawa, kuma wannan karon gangaren da ke ƙarƙashi ya ja shi wajen koren, inda ba a ganin komai.

Na san na sauka, don gwiwoyina sun fashe. Na san na kwanta a bakin dutsen na zura hannu har kafaɗa, sanyin ya kama ƙashina kamar an sa wuta. Na yunƙura zan faɗa, wasu mutum biyu suka danne ni, ɗaya ya zauna a bayana. Na zage su da Hausa, na zage su da Barbarci, na ciji hannun ɗaya. Ba su sake ni ba. Wani ma'aikacin wurin ya ɗaura igiya ya shiga, bai jima ba aka jawo shi yana karkarwa, leɓɓansa sun yi baƙi.

Masu nutso sun zo da kayansu, sun yi kwanaki suna shiga. Sauran abokan tafiya suka koma birni, ni na zauna. Kullum ina kan dutsen nan da takalminsa a gefena. Injiniyan mai furfura ya yi mini kirki, ba zan ci amanarsa ba. Shi yake kawo mini shayi da burodi. A rana ta ƙarshe ya zauna kusa da ni ya yi mini bayani da Faransanci, a hankali. Ya ce a ƙarƙashin ruwan akwai tsohon kwari da itatuwansa a tsaye, an bar su lokacin da aka tare kogin. Ya ce zurfin ya fi ƙarfin masu nutso, kuma ruwa mai sanyi irin wannan wani lokaci ba ya mayar da abin da ya ɗauka. Ya ce ƴaƴansu tun suna ƙanana ake gaya musu kada su yarda da hasken ruwan dutse. Bai taɓa zaton akwai babban mutum a duniya da bai san haka ba.

Na ce masa akwai, gari guda ne ma.

Na dawo Gure da jakarsa da takalminsa. Labari ya riga ni ta waya, an riga an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Abin da mutane ba su yarda da shi ba shi ne zan sauko daga mota ba tare da gawa ba. Wasu har sun je sun duba wuri a maƙabarta. Liman, tsoho ne da ya yi mana karatun allo, ya ja ni gefe ya ce tun da babu gawa ba za a yi salla ba, mu a abin da muka karanta ba a sallatar wanda ba ya nan. Sai addu'a da sadaka. Na ce masa, "Malam, to ke nan ya tafi kamar akuyar da ta ɓata?" Ya ce in yi istigfari. Na yi, amma ba da zuciya ɗaya ba.

Kwanakin zaman makoki su ne mafi muni a rayuwata, sun fi na kan dutsen. A wajenmu ba a barin mutum. Wanda ya faɗa rijiya, ko mai gaba nawa ce, akwai masu shiga su fito da shi. Wanda ya ɓata a rairayi, masu bin sawu ba sa dawowa sai da shi ko da ƙashinsa. Saboda haka duk wanda ya zo gaisuwa, in ya gama "Allah ya jiƙansa," sai ya matso ya rage murya.

"To su can ba su da masu shiga rijiya ne?"

"Ba a iya kwashe ruwan ba? Ko da injin ban-ruwa?"

"Kai kana ina lokacin?"

Na yi bayani har muryata ta dushe. Na ce su ɗauki rijiya mafi zurfi ta Alakoss, wadda raƙumi yake tafiya mai nisa kafin guga ya fito, su ɗora mata wata, su ƙara wata. Sai su gyaɗa kai su ce ikon Allah, amma ina ganin idonsu. Wani dattijo ya ce shi a saninsa ruwa mai zurfi haka baƙi ƙirin yake, ta yaya mai hankali zai taka shi? Na ce ba baƙi ba ne, garau yake. Ya ce, to in garau yake ai ba shi da zurfi. Na tashi na bar masa tabarmar, don in na zauna zan yi abin da za a daɗe ana faɗa.

Gwaggo kuwa ba ta tambaye ni komai ba. Ranar da na iso na shiga na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ta kira sunana ta ce, "Ka sha hanya. Je ka wanke jikinka." Mata suna ta kuka a tsakar gida, matarsa tana faɗuwa ana ɗaga ta, ita uwar tana zaune da carbi, idonta a bushe. Ɗan fari ne, ko a mutuwa ba za ta yi abin da za a ce ta nuna ba. Mata suna yaba mata, wai dattijuwar ƙwarai. Ni na san ta. Na ga yadda wuyanta ya zama kamar sillen kara cikin mako guda, na ga tuwon da ake fitarwa daga ɗakinta yadda aka shigar da shi.

Abin da nake so a duniya a lokacin guda ne, ta gane. Mutanen gari su yi ta zarginsu, ban damu ba. Amma matar da ta ce mini ku dawo ku biyu, ina so ta san cewa ba tsayawa na yi ina kallo ba, cewa babu ɗan Adam da zai iya fito da shi. Na yi ta shirya maganar a raina, ita kuma ba ta ba ni ƙofa ba.

Sai bayan sadakar arba'in, da baƙi suka watse, ta aiko a kira ni. Da hantsi ne, tana zaune a inuwar zana, wurin da ta yi mana sallama. Na durƙusa. Ta kira sunana, ta tambayi aiki, ta tambayi matata. 

"An ce wurin yana cikin salularka," ta ce.

Tun da na nuna wa jandarmomin can hoton ban sake buɗe shi ba. Kawuna kaɗai na gaya wa akwai shi, shi ne ya kai mata labari. Na ce, "Gwaggo, ki bar shi."

"Ba wancan nika son gani ba. Wurin."

Na buɗe na miƙa mata. Ta riƙe da hannu biyu, ta nisanta shi da fuskarta yadda tsofaffi suke yi. Ga shi nan tsaye yana murmushi, wando a naɗe, ƙafa ɗaya a sama. Wallahi ko a hoton ba fuskarsa ta duba ba, na ga inda idonta ya sauka. Ruwan take kallo, a gaban ƙafarsa. Rana ta haska shi sosai a hoton, kowane dutse ya fito.

"Waɗannan duwatsu ne a ƙasa?"

"Duwatsu ne."

"Ina ganinsu."

"E, Gwaggo, amma..."

"To ai wannan bai kai gwiwa ba," ta ce.

Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta faɗa ne kamar mai gaya maka farashin gero. Ta ɗago ta dube ni, irin duban da ba ta taɓa yi mini ba, ta sake cewa, "Bai kai gwiwa ba. Kai kuma kana tsaye a nan, inda ka ɗauka."

Duk maganar da na shirya ta watse. Na fara da rijiyar Alakoss, na koma kan bangon siminti, na ce dutsen nan da take gani ya kai ɗakinta girma. Ta sake duban hoton, ta duba ɗakinta. Na ji muryata tana hawa. Ni da ban taɓa ɗaga mata murya ba tun ina rarrafe, ranar na yi mata ihu a tsakar gidanta. Na ce shi ma abin da ya gani ke nan, ni ma shi na gani, abin da ya kashe shi ke nan, idonmu ne, idon mutanen rairayi! Na nuna mata tabon gwiwoyina. Na ce mutum biyu suka danne ni. Na yi kuka kamar yaro, majina da hawaye, maƙwabta suna leƙe ta kan zana.

Ta bar ni har na gama. Ta faɗi wata gajeruwar magana da Barbarci, ba da ni take ba, da Ubangijinta take. Ta ajiye salular a kan tabarma, ta tura mini ita da yatsa ɗaya.

"Na ji," ta ce. "A tashi a tafi aiki, rana ta yi."

A tashi. Ba ta ce ka tashi ba, ba ta kuma kira sunana ba. Ban lura sosai ba a ranar, raina yana tafasa. Sai da mako ya wuce, wata ya wuce, na gane abin ya zauna. Ina zuwa gaishe ta kowace safiya kafin in wuce wajen injuna. In durƙusa, ta amsa tana duban faifai ko bango. An tashi lafiya? An gode. Sunan nan da ta kira har ya gaji, wanda ake ji daga bakin titi, ya fita daga bakinta.

Shekaru sun wuce yanzu, ruwan bai mayar da shi ba. Injiniyan ya yi ta kirana a farko duk lokacin da ruwa ya ja baya, daga baya kiran ya tsaya, ban ga laifinsa ba. Ina nan ina aikina, ana zagina ina ramawa, babu mai ba da haƙuri a madadin inji. In damina ta yi na bi ta bakin kwari na ga ruwa ya kwanta garau a kan rairayi, sai in canza hanya.

Matata tana cewa in kwantar da hankalina. Wai ba fushi ba ne, matsayinsa ta ba ni, na zama ɗan fari, shi ya sa take jin kunyar sunana. Ina so in yarda da ita. Amma ni na ga duban da aka yi mini a kan tabarmar nan, matata ba ta gani ba. Kuma ba abin da za a tambayi Gwaggo ba ne. Ko na tambaya ba za ta faɗa ba, ta tsufa ƙwarai yanzu, na san da amsar za ta tafi.

Kwanan baya na je gidan da rana tsaka, ba lokacin da na saba ba. Matata tana can ta kai mata miya. Ina cikin zaure ina cire takalmi na ji muryar Gwaggo daga tsakar gida, ta kira matata da sunanta, da tsawo, yadda take jan nawa a da. Ta ce, "Ungo furar nan ki sha, kin rame." Na leƙa ta jikin ƙofa. Tsohuwar ƙwaryar ce, cike har baki.

Sai ta rage murya ta ce, "Wancan ya ci abinci?"

Na daɗe a tsaye a zauren, takalmi ɗaya a hannu. Ban shiga ba. Na mayar da shi ƙafata na koma wajen aiki.